Jaririn Da Na Ɓoye A Safar Hannu

Dobra,
Litinin, 8 ga Disamba.

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa mahaifiyarta, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya. Allah ya sa ciwon bayanki ya yi sauƙi, ya ƙara miki ƙarfin ɗaga tsohuwar da kike jinya a can Jamus. Mu nan gidan Inna Danuta ƙalau muke. Tarin Inna Danuta ya ragu, an kawo mana kwal ɗin da zai kai mu ƙarshen hunturu, kaji kuma sun daina ƙwai saboda sanyi. Iyakar gaisuwar ke nan, Mama, domin ba ita ta zaunar da ni rubutu ba.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ke ce ta farko. Ni ce na cire Maryamu da Yusufu da jaririn daga cikin shopkar, ɗan ginin Kirsimetin nan mai nuna haihuwar Yesu, ranar Alhamis a Krakow. Ba Kaka Leon ne ya ɓatar da su ba, kamar yadda Gwaggo Lucyna ta gaya miki a waya. Ga su nan gabana cikin kwalin ashana. Ba kuskure ba ne, da gangan na yi. Na zaɓi in rubuta ne saboda duk sanda kika kira kika ce, lafiya dai ko, sai in ce lafiya, ke kuma ki yarda nan take, don amsar da kike so ke nan. Takarda ba za ta katse ni ta ce tsohuwa na kira ba.

Kin san shopka, kin ga na Kaka tun kina amarya a gidansu Baba. Amma tawa ba ki taɓa gani ba sai a hoto, tunda rabonki da gida tun Ista, don haka bari in gaya miki abin da kika bayar. Tsayinta ya kai ƙuguna. Hasumiya uku gare ta, ta tsakiya da kambin zinariya kamar na cocin Maryamu, ga ƙubba ƙarama a gefe, ga tagogi sittin da huɗu da na yanka ɗaya bayan ɗaya. Jikinta duk kwali ne da katako, na lulluɓe da takardar alawa mai ƙyalli. Shekara guda ina tara takardun nan. 'Yan ajinmu sun gan ni ina tsinto su a kwandon shara bayan bikin makaranta, suka sa mini suna Bola, har yau wasu da shi suke kirana. Kowace takarda sai na shimfiɗa ta a kan gilashi na goge da bayan cokali har ta yi sumul, in ta yage a jefar. Koriyar ta fi wuya, alawa iri ɗaya ce kawai ke zuwa da ita, mai na'ana'a, wadda ba na so. Na sha ta har ta ishe ni don rufin hasumiya biyu.

Duk Asabar ta biyu sai in hau bas zuwa Krakow, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ga hutun bazara gaba ɗaya da na yi a ɗakin aikin Kaka. Shi ko gam bai taɓa shafa mata ba, kin san yadda hannunsa ke rawa yanzu. Zama yake a kujera yana cewa, karkace take, ɓalle ki sake, magini ba ya barin karkatacciyar katanga wai don ya gaji. Sau arba'in da ɗaya ya kai tasa gasar shopka ta shekara-shekara, ya ce bana hannunsa ya ƙi, don haka tawa za a kai, da sunana, a rukunin yara. A hawan tsakiya na yi 'yar ƙofa mai ganye biyu, da sakata ta fil a ɓoye bayan ginshiƙi. In an buɗe sai a ga komin dabbobi. Maryamu ba ta kai babban yatsana ba, jaririn kuwa kamar ƙwayar wake. Sau biyar ina sassaƙa shi, na biyar ɗin ne ya yi fuska. Tabon wuƙar na nan a yatsana.

Ranar Laraba na isa gidan Gwaggo, inda Kaka ke zaune, da rana. Tun a bakin ƙofa Gwaggo ta toshe hanci, ta ce wai mu mutanen ƙauye ba ma jin warin hayaƙin da muke yawo da shi, ta karɓi kwat ɗina da yatsa biyu ta rataye a baranda. Ta miƙo mini silifas ɗin baƙi, irin wanda ake ba mai gyaran famfo. Kinga 'yarta na kwance da waya, ta ɗago ta ce, a'a, Bebiya ta iso, ta koma kan wayarta. Duk wannan na saba, ban damu ba. Sai da na shiga kicin neman ruwa na ga fom ɗin gasar manne a jikin firji. A wurin sunan mai aiki an rubuta sunan Kinga.

Na zauna aka zuba miya, ina juya cokali. Gwaggo ce da kanta ta ɗauko zancen, tana yanka burodi, kamar labarin yanayi take ba mu. Wai makarantar da Kinga ke nema a bana maki ake ƙirgawa, kuma takardar shaidar gasa irin wannan tana iya ƙara mata. Wai ni me zan yi da ita, ni da ko gaisuwa sai an ciro mini daga baki da ƙugiya. Wai za a zo da kyamarori, za a yi tambayoyi, in tsaya ina kallon takalmina in kunyata dangi. Wai ai duk gida ɗaya ne, sunan kakanmu ɗaya, kuma kada in manta baɗi a gidanta zan zauna in yi sakandare, ta ciyar da ni ta wanke mini zanen gado, to wannan ɗan abin ne zai gagara? Kaka ya buga tebur har miyarsa ta fantsama, ya ce shekara sittin yana gini bai taɓa sa hannu a katangar da wani ya ɗora ba, Kinga kuwa ko almakashi ba ta san inda ake ajiyewa ba. Gwaggo ta ce masa ya ci abincinsa, ya tuna wa ke kai shi asibiti. Ya mayar da kansa kan kwano. Kinga ta ce ita fa ba ta roƙi kowa ba, abin ma kama yake da kek ɗin bikin ƙauye.

Sai na buɗe baki, Mama. Ni, Bebiya. Na ce mamata ba za ta yarda ba. Kalma shida, na ƙirga su daga baya. Gwaggo ta yi murmushi, ta goge hannu, ta ɗauko waya ta ajiye tsakanin kwanuka ta danna wani saƙon murya. Sai ga muryarki a kicin ɗin. Kina cewa, Lucyna, ki yi yadda kika ga ya dace, Jagoda ba za ta damu ba, ita dama ba ta son a kalle ta, wasan takarda ne kawai, ni dai ki riƙe mini ita baɗi. Har ina jin talabijin ɗin tsohuwarki a bayanki. Gwaggo ta sake kunnawa karo na biyu, wai ko ban ji da kyau ba.

Na ji da kyau. Gaskiya ne ba na son a kalle ni. Amma ina son a kalli abin da na yi, kuma wannan daban ne, kuma ke ce ya kamata ki san bambancin ba sai an gaya miki ba. Ko tambayata ba ki yi ba. Ranar Lahadi kafin in tafi Krakow mun yi waya, kin tambayi takalmin sanyi, kin tambayi jarrabawar lissafi, alhali kin riga kin aika saƙon nan kwana biyu kafin nan, na ga kwanan watan a wayar Gwaggo.

Alhamis da safe aka sauko da shopkar zaure. Gwaggo ta tafi kawo mota, Kinga na gaban madubi tana gwada hula ta uku, Kaka na fama da igiyar takalmi. Aka ce in lulluɓe ta da bargo. Na zare fil, na buɗe ƙofar, na sa hantsakin Kaka na ɗago su ukun, na zura cikin safar hannuna ta hagu, na mayar da sakata. Na bar musu jaki da saniya da ciyawa.

Dusar ƙanƙara ta sauka da asuba, kafin mu isa dandali ƙafafu sun mayar da ita caɓi. Mutane cike, rumfunan kasuwar Kirsimeti na hayaƙin gasasshen cuku, baƙi masu yawon buɗe ido na ture juna da wayoyi a sama. Aka jera shopkoki a matakalar mutum-mutumin nan na tsakiya, wasu sun fi Kaka tsayi, wata kuma a cikin ɓawon gyaɗa aka yi ta. Da aka yaye bargon tamu, sai na ji mutane sun ce kai! Wata mata ta ɗaga ɗanta ya gani. Wani ya tambayi wa ya yi, Gwaggo ta tura Kinga gaba ta ce 'yata ce, shekararta goma sha huɗu, dare da rana take kai. Kinga ta karkata kai tana murmushi ana ɗauka. Ni aka ba ni bargo da jakar Gwaggo in riƙe, aka ce in matsa baya kada in shiga hoto.

Can sai ga wata mata daga masu shirya gasar, da takardu a hannu, tana ba kowa lamba. Ta yaba rufin kore, ta tambayi Kinga inda ta samo launin. Kinga ta ce a kanti. Matar ta ce to buɗe mana ƙofar mu ga Mai Gidan. Kinga ta ja, ta tura, ta sa farce, ba ta ma san akwai sakata ba. Gwaggo ta waigo tana harara ta tana mini alama da ido. Na kalli takalmina, tunda an ce abin da na iya ke nan. Kaka ne ya matso, ya daɗe yana lalube da hannunsa mai rawa kafin ya kama fil ɗin. Ƙofa ta buɗe. Jaki, saniya, ciyawa.

Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce aiki ne mai kyau ƙwarai, amma in babu jaririn to fada ce kawai aka gina, ba shopka ba, kuma kowane yaro a garin nan ya san haka. Ta ce akwai sauran lokaci kafin a busa ƙahon sha biyu a kwashe shopkokin, in an same su ukun a saka. Wani tsoho mai gashin baki, abokin Kaka tun suna gini tare, ya leƙa ya ce, Leon, ashe Yusufunka ya fi na kowa wayo, ya ji labarin Hirudus ya kwashe iyalinsa zuwa Masar tun kafin alƙalai su zo. Aka fashe da dariya har da masu ɗaukar hoto. Gwaggo ta ruga cikin rumfuna da dogon takalminta, ta dawo tana haki da jariri na roba wanda ya kai girman dankali. Ta yi ta cusa shi, kansa ya ƙi shiga, har ta ɓalle ganyen ƙofar guda. Tsohon ya ce a'a, baiwar Allah, wannan ai ya isa shiga makaranta. Kinga ta fashe da kuka ta ce an mayar da ita abin dariya, ta jefar da hular.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Tun daga tafin ƙafata na ji shi. Na matse hannuna na hagu ina jin su ukun suna sukar tafina, na ce a raina ko yanzu aka kama ni ya biya.

Daɗin bai kai minti biyu ba. Gwaggo ta juya kan Kaka, a gaban abokansa, a gaban mutanen da suka san shi shekara arba'in. Ta ce shi ne, jiya ta gan shi yana taɓe-taɓe. Ta ce makon jiya a firji aka tsinci tabaransa, wancan makon ya bar gas a kunne, kansa ya tafi amma ya ƙi yarda, tsohon banza mai tara shara. Dariyar ta tsaya cak. Na san lokacin magana ke nan. Na ƙara dunƙule hannuna a kansu. Kaka ya dube ni, ya dubi hannuna da ke dunƙule, ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hularsa ya ce wa matar ta yi haƙuri, shi ne, ya ciro su ya gyara musu fenti ya manta inda ya sa, tsufa ne. Abokinsa ya kawar da kai. Aka busa ƙaho daga hasumiya, kowa ya ɗauki tasa aka bi layi da kiɗa, mu kuma muka nannaɗe tamu a bargo muka nufi mota.

A hanya Gwaggo ta yanke hukunci, tana tuƙi tana dukan sitiyari. Ta ce an gama shopka a gidanta. Bayan sabuwar shekara za ta kwashe ɗakin aikin, kwali da gam da takardun alawa duk a kai bola, ta kira likita ya duba kan Kaka a san inda za a kai shi. Ta kalle ni ta madubi ta ce in yi murna, ɗakin nawa ne baɗi, za a sa mini gado da labule. Kin ji, Mama? Wurin da kika saya mini da shopkata, ɗakin Kaka ne. Ko kin san haka sanda kike cewa a riƙe miki ni?

Juma'a da safe shi ya raka ni tashar bas, Gwaggo ta ce ba ta da man ɓatawa. Ya saya mini burodin zobe mai gishiri a wurin matar da ke bakin tasha. Ba mu yi zancen ba. Sai da direba ya tayar da inji Kaka ya sunkuyo ya ce, itace ba ya son zufa, fenti zai tashi, a nemi kwalin ashana a shimfiɗa auduga. Ya gyara mini wuyan kwat ya juya. Na bi shi da kallo ta taga, yana tafiya a hankali yana dafa bango saboda santsi. Ban ce masa na gode ba, ban ce ya yafe mini ba. Har na iso Dobra ban iya cin burodin ba.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce don ni kike wanke jikin uwar wasu, don in yi karatu a birni in fi ki. Na sani, kin faɗa sau da yawa. Za ki ce in yi haƙuri in lallaɓa Gwaggo, shekara huɗu ce kawai. Ke kin iya wannan, kin iya cewa to ga duk wanda ya ɗaga murya, tun Baba na da rai haka kike yi mata. Har ranar jana'izarsa ita ta zaɓi waƙoƙin coci kina tsaye. Ni ma na ɗauka irinki ce, har ranar Alhamis. Yanzu ban san irin wa nake ba. Na san dai abin da na yi ya faɗa kan mutum ɗaya tak da bai taɓa ce mini Bebiya ba, kuma ina jin haushinki, ina jin haushin Gwaggo, amma wannan ɓangaren nawa ne, ba zan ɗora miki ba.

Kada ki kira Inna Danuta ki yi mata faɗa, ba ta san komai ba. Tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa rigar ulun da ta aika miki. Ki gaishe da Kawu Staszek da Anti Renata in kun haɗu a coci, ki ce wa ƙaramar Zosia na ga hoton haƙorinta da ya fita. Ki gaishe da tsohuwarki ma, tunda ita za ta ci Kirsimeti da ke. Inna ta ce lallai in saka miki siririn farin burodin nan na jajibirin Kirsimeti a cikin ambulan, yadda ake yi wa na nesa, ki gutsura mu gutsura a yafi juna. Na saka don ita ta ce. Za ki gan shi cikakke, ban gutsuri nawa ba tukuna.

Ambulan biyu ne a kan teburina. Ɗayar ta Gwaggo ce, layi uku kawai: ni na cire su, da gangan, Kaka bai manta komai ba, kansa ƙalau. Na sa hannu da cikakken sunana. Na san in ta karanta ba za ta ƙara buɗe mini ƙofarta ba, balle ta sa mini gado, kuma na san abin da hakan ke nufi ga karatun birnin da kike so. Yau da safe na je wurin malamar ajinmu na ce ta sauya mini zaɓin sakandare, ta rubuta makarantar koyon aikin katako ta Limanowa, minti ashirin a bas daga gidan Inna. Ta tambaye ni ko mamata ta sani, na ce za ta sani.

Gobe kafin a shiga aji zan jefa takardun biyu a akwatin gidan waya. Ta Gwaggo za ta isa ranar Laraba, taki sai wajen Asabar, don haka kafin ki karanta wannan an riga an gama. Ba izini nake nema ba, Mama. Na ga ya kamata ne ki ji daga wurina, tunda ni ban ji daga wurinki ba.

'Yarki,
Jagoda